Ƙwayoyin da Wana Ya Aiko wa Inna daga Abijan

Shekarun baya, lokacin ina saurayi da ɗan shagon ɗinki a bayan kasuwar Tawa, mahaifiyata ta yi wani ciwo da ya juya mini kai. Zamanin da ake ta kafa jam'iyyu ne, kowace unguwa da tutarta. Mu teloli muna ɗan samun aikin rigunan 'yan siyasa, ma'aikata kuwa sai su yi watanni ba su ga albashi ba. Babanmu ya riga ya rasu. Wana yana Abijan wajen biɗa, wato ci-rani, kamar yawancin samarin Adar, ni ne a gida tare da Inna.

Inna 'yar Bambeye ce, aure ya kawo ta birni, kuma saƙar tabarmar kaba ce sana'arta tun tana yarinya. Sai yatsunta suka fara kumbura. In ka taɓa gaɓoɓin sai ka ji zafi rau, da safe kuma ba ta iya dunƙule hannu sai hantsi ya yi. Daga yatsu abin ya sauka gwiwoyi. Ita dai ta ce sanyi ne ya shige ta. Muka yi gashi, muka yi shafe-shafe, ta sha sassaƙe kala-kala, ba wani sauƙi. Ta koma yin salla a zaune, kabar da ta jiƙa ta bushe a ƙwarya ba ta taɓa ba.

A wancan lokacin ba waya a hannun kowa. Kaset muke ɗauka mu ba matafiya. Na ɗauki muryar Inna tana gaya wa wana halin da take ciki, ba a jima ba wani ɗan unguwarmu mai zuwa da dawowa ya kawo amsa, tare da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙwayoyi farare a cikin takardarsu mai ƙyalli. Muka sa kaset muka ji muryar wana yana cewa, "Inna, wanga bitamin na ƙashi ne. Duk tsohin da ke nan shi suka sha. Ki sha biyu kullum da sahe, in Allah ya so kin bar kwana da ciwo."

Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, kafin in kama ɗinki, saboda haka ni ne mai karatun gidan. Na ɗauki takardar na juya ta, na ga wani dogon suna da ban taɓa ji ba. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane, na ce wa Inna, "E, bitamin ne."

Kafin Juma'a ta zagayo Inna ta miƙe. Wallahi da idona na gani. Kumburin ya sace, ta yi ruku'u ta yi sujada, ta koma kan tabarmarta tana saƙa tana 'yan waƙe-waƙenta. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Duk wanda ya shigo gidan sai ta sa masa kaset ɗin ya ji muryar ɗanta, ta bi shi da albarka.

Haka muka yi damina biyu, gwangwani na ƙarewa wani na zuwa. Inna ta yi ƙiba. Fuskarta ta cika ta zama kamar faifai, maƙwabta suna ta yi mata barka, wata ma ta ce, "Ke kam Abijan ta karɓe ki tun ba ki je ba." Amma ni da nake ɗinka mata kaya, akwai abin da ya riƙa ɗaure mini kai. Wuyan riga sai na ƙara, ciki sai na ƙara, har wani tozo ya fito mata a bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa sai ƙara sirancewa suke. Ko ƙofa ta ɗan goge ta sai wurin ya yi baƙi. Zanen da ke tsaya mata a idon sawu ya koma jan ƙasa. Na ce mata, "Inna, kamar kin rage tsawo." Ta ce, "Kai dai gyara awonka, tela ba ya rasa abin faɗi." Na yarda awona ne.

Wata rana ta sunkuya za ta ɗaga bokitin ruwa, ba ma cikakke ba, sai ta yi ƙara ta dafe baya. Daga ranar ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Muka ce sanyin ne ya koma baya, ta ƙara ƙwaya ɗaya a kan biyun.

Sai aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Komai ya yi tsada a dare ɗaya, kasuwar wana a can ta tsaya, mutumin da ke kawo mana saƙo shi ma ya daina zuwa. Gwangwanin ya ƙare. Ban damu sosai ba, don a tunanina wanda ya rasa bitamin ai ƙarfi kawai zai ɗan rage.

Cikin 'yan kwanaki Inna ta zube. Ba kumburin kaɗai ya dawo ba. Amai take yi, ko ruwa ba ya zama, in ta ɗaga kai sai jiri ya mayar da ita, magana ma da ƙyar. Na aika Bambeye aka gaya wa kawuna, ƙanenta, manomi ne mai zafin zuciya amma yana son 'yar'uwarsa kamar ransa. Da ya zo ya gan ta sai ya ce, "Wanga ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu anka sa mata." Na ce ko ma mene ne mu fara kai ta asibiti. Muka shimfiɗa mata katifa a amalanken jaki muka tafi.

Mun tarar ana yajin aiki, mutum kaɗan ne ke duba marasa lafiya. Allah ya taimake mu muka samu likita ɗaya, mu nan lokotoro muke cewa, wani siririn mutumin Damagaram da gajiya ta cika masa ido. Ya auna jininta ya ɓata fuska. Ya dubi fuskarta, ya duba bayan wuyanta, ya ɗaga hannunta ya kalli tabban. Sai ya juyo gare ni.

"Wane magani take sha?"

Na ce, "Ba ta shan magani. Bitamin kawai, shi ma ya ƙare."

"Tun yaushe take sha? Yaushe ya ƙare? Je ka kawo mini takardarsa, ko wadda aka yar ce. Yi gudu."

Na ari keken wani na koma gida. Na samu wani fankon takardar a ƙarƙashin tabarma, na kawo. Ya karanta, ya rufe ido ya buɗe.

"Samari, wannan ba bitamin ba ne. Dangin kortizon ne, magani mai ƙarfi na kashe kumburi. Shi ya kumbura mata fuska, shi ya cinye mata naman ƙafa, kuma ina jin shi ya ci mata ƙashin baya."

Kawu bai ji duka ba don rabin maganar da Faransanci aka yi. Na juya masa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Na hwaɗi! Guba ce anka ba ta."

Bai rufe baki ba sai na ji lokotoro yana gaya wa majo, wato babban ma'aikacin jinya, a sa mata ƙarin ruwa a yi mata allura maza. Na tambayi lokotoro allurar mece ce. Ya ce, "Kortizon."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Wanda ka ce shi ya lalata ta?"

"Shi."

"Shi za a ƙara mata?"

"In ba a ba ta shi yau ba, ba na jin za ta kai jibi." Yana faɗin haka ya wuce wajen wani mara lafiya, ya bar ni tsaye da kawu yana jan hannun rigata yana tambaya, "Mi ya ce? Kai yaro, mi ya ce?"

Ban taɓa shiga ruɗu irin na wannan tsayuwa ba. In na gaya wa kawu gaskiya, na san zai ɗauke 'yar'uwarsa ya mayar da ita kan amalanke. In na yi shiru, to ni na yarda a ƙara wa uwata abin da aka ce guba ne, ba tare da na gane dalili ba. Na dubi Inna, leɓɓanta sun bushe, idonta a rufe. Na ce wa kawu, "Ya ce gubar ce za ta karya gubar." Ni kaina ban san inda na samo wannan magana ba. Kawu ya tauna maganar, sai ya ce, "To, akwai irin haka ga cizon maciji." Aka yi allurar.

Kafin la'asar Inna ta buɗe ido ta ce tana son hura. Kawu ya fita da kansa ya nemo. Ni kuwa na zauna a bakin baranda na riƙe kai, don murna da ruɗu sun haɗu mini wuri ɗaya.

Washegari aka ce za a yi mata radiyo. Kawu ya ce shi bai ga abin da ya haɗa ciwon baya da gidan rediyo ba, ko sanarwa za a yi? Sai da majo ya yi dariya ya ce hoton ƙashi ne. Da hoton ya fito lokotoro ya ɗaga shi a taga ya nuna mini ƙasusuwan baya jere kamar tubali, biyu a ciki sun lotse. Ya ce shi ya sa ta rage tsawo. A ranar ya ɗan samu sarari, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa.

Ya ce ciwon da muke kira sanyi, a wurinsu wuta ce. Jiki ne da kansa ke kai wa gaɓoɓinsa yaƙi, shi ya sa suke zafi suna kumbura, kuma wannan magani yana kashe wutar da sauri fiye da kowane. Na ce to ai abin kirki ne. Ya ce abin kirki ne ƙwarai, in an sha shi da awo, na ɗan lokaci. Ya ce ƙashi ba busasshen icce ba ne kamar yadda nake zato, abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe ana gina sabo. Maganin in ya daɗe sai ya hana masu ginin aiki, masu rushewa kuwa ba su fasa ba.

Na ce, "To tunda haka ne a daina mana."

Ya ce, "Nan ne wahalar. Jikin kowa yana yin irin wannan magani da kansa, kaɗan-kaɗan, a wasu 'yan abubuwa da ke saman ƙoda. Ba a rayuwa sai da shi. Da ta daɗe tana sha daga waje, nata sun ga ba a bukatarsu sun kwanta barci. Ranar da gwangwani ya ƙare, babu na waje babu na ciki. Shi ya kusa kashe ta. Yanzu za mu riƙa ragewa sannu-sannu har nata su farka."

Na gyaɗa kai. Ina jin na gane kusan rabi. Sai ya ƙara mini wasu ƙwayoyi manya masu kamar alli, ya ce na gina ƙashi ne, da wani bitamin, na gaske wannan karon, wanda ya ce jiki na yin irinsa in rana ta taɓa fata. Ya ce ta riƙa shan nono tana cin cuku, ta riƙa zama a hantsi. A Tawa, inda kowa ke gudun rana, an rubuta wa uwata rana. Na ƙarshe da ya miƙo mini na gane shi tun daga nesa, maganin zazzaɓin sauro ne. Na ce ai ba ta da zazzaɓi. Ya ce ya sani, na gaɓoɓi ne, amma sai ya yi watanni kafin a ga aikinsa, kuma in ta ji ganinta ya canza in kawo ta. Daga nan na daina tambaya. Na tattara na fito.

Zaman gida ya fi na asibiti wuya. Ni ke riƙe da maganin a tsohon gwangwanin nan, ni ke yanka ƙwaya da reza in lokacin ragewa ya yi. Duk sanda aka rage, sai yatsun Inna su tashi. Kawu yakan zo ranar kasuwa da cuku da ƙwaryar nono, ya zauna ya ce, "Har yanzu kana ba ta gubar nan? Zuba ta masai mu huta." Inna kuma da ya tafi sai ta kira ni ta ce, "Ɗana, ka ba ni biyu kamar da. Ni na san abin da ni ka ji." Ɗaya na cewa in zubar, ɗaya na cewa in ƙara, ni kuma da ke tsakiya in aka matsa mini da tambaya ba ni da amsar da ta wuce, "Haka lokotoro ya ce."

Wata safiya ta kasa ɗaura zanenta. Ta zauna bakin gado tana kallon hannuwanta, hawaye na zuba, ta ce, "Ni da na haihe ka, kai ka yi mini rowar magani?" Na fita tsakar gida da gwangwanin a hannu. Na buɗe na rufe, na sake buɗewa. Har na ciro ƙwaya biyu. Sai na tuna hoton nan da ƙasusuwa biyu da suka lotse, na mayar da ɗaya da rabi. Na koma na ba ta rabin, na ɗaura mata zanen da hannuna. Ba ta yi mini magana ba har aka yi azahar. Ni ma ban iya ɗinka komai a shago ba ranar, ina ta tambayar kaina ko lokotoron nan ya san abin da yake yi, ko kuwa azaba kawai nake ba uwata a kan maganar da ban gama ganewa ba.

Ana cikin haka sai ga wana ya dawo, ba sanarwa. Ya rame, jakarsa ɗaya, amma da ya zauna ya buɗe ta, abin da ya fara fitowa da shi babban gwangwani ne cike da ƙwayoyin nan. Daga baya na ji har agogonsa ya sayar don ya saye su. Ya ajiye gaban Inna yana murmushi ya ce, "Na ji labari sun ƙare har kin kwanta asibiti. Ga shi, ba ki ƙara rasawa."

Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta kalle ni. Kallo ɗaya ne, na haɗiye abin da ke bakina. Ta jawo gwangwanin da karkatattun yatsunta ta rungume, ta yi ta sa masa albarka. Sannan ta ce, "Amma yanzu lokotoro ya ce maganin ga ya hi ƙarhin a sha shi da ka. Sai da awo, kuma ƙanenka ka awon. Kada ka ƙara ba kowa shi, ko wa ya roƙe ka, sai lokotoro ya gani." Ta miƙo mini gwangwanin gaba ɗaya. Matar da kwana kaɗan kafin nan take kuka a ba ta biyu.

Da wana ya fita gaida mutane ta kira ni ta ce, "In ka gaya mishi shi ya lanƙwasa mini baya, ban yahe ba. Abin da ya iya ke nan, ya yi."

Na kai wa lokotoro gwangwanin, ina zaton zai sa a ƙona. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya duba kwanan watansu, sai ya ce in riƙe, don maganin ya yanke a farmasi, inda ake sayar da magani, kuma da waɗannan za mu ƙarasa ragewar. Na tsaya ina kallonsa. Ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, ya ce, "Samari, har yanzu ba ka gane ba ko?" Na ce, "Wallahi ban gane ba." Ya ce, "Ba komai. Ka dai riƙe awon."

Mun ɗauki watanni masu yawa. Daga rabi muka koma kwata, daga kullum muka koma tsallake rana, har ranar da ya ce a bari. Na kwana biyu ina leƙa ta ina jiran ta zube kamar wancan karon, ba ta zube ba. Fuskarta ta koma tata. Gaɓoɓin sun yi sauƙi, ko da yake ba su taɓa warkewa sarai ba, bayan kuma bai miƙe ba har ta koma ga Allah shekaru da yawa bayan haka. Tabarma babba ta gagare ta, sai ta koma saƙa faifai da mahuci a hankali, tana zaune a hantsi kamar yadda aka ce, tana mita wai an mayar da ita ƙadangare. Kawu kuwa har ya rasu yana gaya wa mutanen Bambeye cewa cukunsa ne ya tashe ta.

Yanzu na girmi shekarun da Inna take da su a lokacin. 'Yata ta yi karatun jinya, ta zauna ta sake yi mini bayanin nan duka, har da zane a takarda, kuma na gane fiye da da. Abin da na ɗauka dai shi ne ba na haɗiyar ƙwaya sai na san sunanta, na san har yaushe zan sha, na san yadda ake barinta, don ban taɓa sanin barin magani ma yana da hanyarsa ba sai a kan uwata. Amma in aka ce in faɗa da baki ɗaya ko waɗannan ƙwayoyi alheri suka yi mata ko cuta, har yau sai in rasa ta cewa. Sun ba ta damina biyu tana sujada da goshinta a ƙasa, sun karya mata baya, sun kusa kashe ta da suka ƙare, kuma su suka dawo da ita.

Wana yana nan da ransa, ya tsufa, ya daina tafiya. In muka haɗu wajen suna ko zaman makoki aka tuno Inna, yakan gyara zama ya ba da labarin yadda ta kasa tashi, shi kuma ya aiko mata magani daga Abijan ta miƙe cikin mako. Sai ya juyo ya ce mini, "Ko ba haka anka yi ba?"

Ni kuma in ce, "Haka anka yi, Yaya."